Kunamar da Ke Kallon Hagu

Asabar, 6 ga Yuli

Ina sanar da duk wanda abin ya shafa, wato ni da wannan littafin, cewa yau da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe na kafa ƙusa a bango, kuma ta tsaya. Shekarata hamsin da biyu, ashirin da shida daga ciki a laburaren kwaleji ina jera littattafan da ba mai aro, amma ban taɓa yin aikin da ya fito fili kamar wannan ba. Babban yatsana na hagu ya ba da gudummawar rabin farce. Za a riƙa tunawa da shi.

A gidan Baba aka yi wannan gagarumin aiki. Tsohuwar taswirarsa ta taurari ce ta faɗo daga bangon ɗakin marigayiya Umma, gilashin ya tsage, na kai aka sake mata firam. Yau na rataye ta a falo, inda ya nuna.

Tun ina rarrafe nake ganin takardar nan. Shi ya kwafe ta da hannunsa yana saurayi, lokacin yana mai zane a ofishin safiyo, masu awon ƙasa, daga wata tsohuwar bugawa ta shugaban ofishinsu da aka ce ta haura shekara ɗari biyu. Manyan da'irori biyu ne, cike da dabbobi da mutane marasa isassun tufafi, kowanne an yayyafa masa taurari a jiki kamar ƙyanda. Sai yau da na hau kujera, hancina a jikin gilashi, na lura da wani abu: mutanen duk sun juya mana baya. Da maharbin, da mai tulun ruwa, da wasu tagwaye, ƙeya kawai ake gani. Kamar an yi musu laifi.

Baba ya ce ta karkace. Ba ta karkace ba.

Lahadi, 7 ga Yuli

Ta karkace. Hukuma ce ta gani, wato matata, wadda idonta na tela ba ya yafe wa rabin inci. Na gyara lokacin da Baba ya shiga ɗaki.

Talata, 9 ga Yuli

Yaya ta kira. Baba ya bar buta a kan gas har ta ƙone ta yi baƙi ƙirin, maƙwabciya ce ta ji ƙauri ta shigo. Karo na biyu ke nan tun rasuwar Umma bara.

Yaya ta gama shirinta kafin ta kira, kamar kullum. Tun muna yara haka take, sai ta yanke hukunci sannan ta nemi shawara. Za ta ɗauke shi ya koma gidanta, tafiyar awa huɗu a mota, har ta sa an yi wa ɗaki fenti. Gidansa a rufe. Ta kuma samo masa ganin likitar ƙwaƙwalwa ranar ashirin da biyar ga wata. Abin da likita ta ce shi za a bi.

Na tuna mata abin da Baba ya sha faɗa, cewa gidan nan sai dai a fitar da shi a kwance. Ta ce, “Shi ya sa nake so ya fita da ƙafarsa.”

Sannan ta ce, “Kai ne kusa, kai ne mai karatun gidan. Ka riƙa rubuta duk abin da ka gani, mu kai wa likita.”

Na ce to, da muryar wanda aka ɗora wa nauyi. Gaskiya, a nan da ba mai ji, na ji daɗi. Na ware sabuwar takarda, na ja mata layi da rula.

Alhamis, 11 ga Yuli

Na biya bayan aiki. Baba ya kwashe komai daga teburin cin abinci, ya fito da akwatin kayan zanensa da na ɗauka ya ɓace tuntuni: kamfas ƙarami da babba, rular ƙarfe, reza, almakashi, fensira uku masu tsini kamar allura. Shekara tamanin da ɗaya, hannunsa ko rawa ba ya yi.

Taurari yake zanawa, sababbi, a kan takarda mai shara-shara. Amma ba a shafi guda ba. Ya yayyanka takardar dogaye-dogaye, kowace mai tsini sama da ƙasa da faɗi a tsakiya, kamar yankan kankana. Na ƙirga, goma sha biyu. Sabuwar takarda mai kyau, ya mayar da ita ɓawo.

Na ce, “Baba, wannan fa?”

Ya ce, “Aiki.”

“Aikin me?”

“Sarkin Karatu, matsa, ka tare mini haske.”

Da zan tafi ya ce in samo masa ƙwallo. Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya maimaita. Ƙwallon roba, mai tauri, mara ɗinki, kewayensa santimita casa'in da shida, kada ya ƙaru kada ya ragu. Mutumin da bai taɓa kallon wasa ba, wanda ya fasa mini ƙwallo biyu ina yaro don na buga a jikin tagarsa.

Na rubuta: Ɗaya, buta. Biyu, yana yayyanka takarda. Uku, yana son ƙwallo.

Asabar, 13 ga Yuli

Bayan magariba sama ta washe, muka zauna a tsakar gida. Baba ya ɗaga sandarsa ya nuna mini Kunama, can kudu, saman tankin ruwan maƙwabta. Ya ce in fara da jan tauraron, shi ne zuciyarta. Ga kanta ta dama, taurari uku a jere. Ga jikinta ya gangaro hagu ya lanƙwashe, ga ƙarin a ƙarshe. Karon farko a rayuwata na ga abin da ake cewa an gani. Da gaske kunama ce.

Na shiga ɗauko masa ruwa, idona ya faɗa kan teburin. Ga kunamar a ɗaya daga cikin yankakkun takardunsa, kowane tauraro a wurinsa, da ƴar lambarsa a gefe. Amma kan yana hagu. Ƙarin yana dama. Na fita na duba sama. Na dawo. Na buɗe manhajar taurari a waya, ita ma ta bi bayan sama. Baba ya juya ta gaba ɗaya, kamar a madubi.

Na faɗa masa a hankali, yadda ake gaya wa mutum rigarsa ta yage ta baya.

“Baba, kunamarka ta juya.”

“Ba ta juya ba. Kai a ciki kake tsaye.”

“Cikin me?”

“Cikin sama mana. Ni daga waje nake zana ta.”

Ya ci gaba da shan ruwansa.

Huɗu. Na ja masa layi biyu a ƙasa.

Litinin, 15 ga Yuli

Na karanta wa Yaya takardar a waya. A kan ƙwallo ta yi shiru. A kan “daga waje” ta fashe da kuka. Ta ce, “Baban da ya zana rabin titunan garin nan? Baban da ke gane karkatar labule daga ƙofa?”

Na yi mata bayani cewa akwai larurar da ke sa ƙwaƙwalwa ta rikita hagu da dama. Na faɗi sunanta da Turanci, sau biyu. Rabin babi na karanta a kanta da rana, a tsaye, ina jiran a dawo da wuta.

Za ta zo Juma'a.

Laraba, 17 ga Yuli

Baba ya kira ni da sunan ƙanensa, Baffa, wanda ya rasu ina aji uku. Sau biyu. Sannan ya kalle ni ya yi dariya ya ce, “Kai, tsayinku ɗaya, surutunku ɗaya.” Na taya shi dariyar. A mota na rubuta biyar, kuma wannan karon ban ji daɗin komai ba.

Na nemi tabarauna minti ashirin kafin in tayar da motar. Yana goshina. Wannan ba wanda zai rubuta.

Juma'a, 19 ga Yuli

Yaya ta zo da kayan miya cike da but ɗin mota da kuma niyya cike da fuska. Ta share gidan, ta wanke abin da aka riga aka wanke. Bayan an ci abinci ta je teburin ta fara kwashe duk wani abu mai tsini ko kaifi tana zubawa a jakarta. Reza, almakashi, kamfas biyun.

Baba yana kujerarsa yana kallo. Ya ce, “Babban kamfas ɗin nan ya girme ki da shekara huɗu.”

Ta ce, “Baba, don lafiyarka ne. Har mu ga likita kawai.”

Ni ya kalla. “Kai ka ce mata wani abu?”

Na duba ƙusata. Tana nan daram.

Ya tashi ya tattara yankakkun takardun, ya naɗe su a tsohuwar jarida, ya ɗora a kan kabad. Da ya shiga alwala Yaya ta ɗauki hoton takardata ta tura wa likita, wai don ta karanta kafin ranar. Ni kuma na buɗe jaridar na zare yanka ɗaya, mai kunamar, na sa a cikin littafina. Hujja. Likita ba za ta yarda da baki kawai ba.

Lahadi, 21 ga Yuli

Teburin fayau. Baba na zaune, rediyo a kashe, hannuwansa a kan gwiwa kamar mai jiran mota. Mai aikin da ke zuwa da safe ta ce tun jiya bai taɓa fensir ba, sai dai ya sauko da jaridar nan ya buɗe, ya lallatsa, ya mayar.

Don in kauce wa idonsa na tsaya gaban tsohuwar taswirar ina yi kamar ina duba firam. Na nemo kunamar. Tana ƙasan da'irar dama.

Kanta yana hagu.

To. Wannan an zana ta shekara sittin da suka wuce. Ko dai Baba ya fara rikicewa tun kafin ya auri Umma, ya kuma yi aikin safiyo shekara talatin da biyar ba wanda ya lura, ko kuma shugaban ofishin nasu ma yana da larurar, da wanda ya buga ta asali shekara ɗari biyu baya. Annoba ke nan.

A gida na buɗe littafin taurari na zamani da na ɗauko daga laburare. Kunamarsa daidai take da ta sama, alhamdu lillahi. Sai na duba gefen shafin. An rubuta gabas a hagu, yamma a dama. Arewa na sama, amma gabas a hagu! Ko ɗan firamare ya san ba haka ba ne. Na tuna a takardar Baba gabas tana dama, inda Allah ya ajiye ta a kowace taswira.

Wato wanda ya sa gabas daidai ya juya kunama, wanda ya sa kunama daidai ya juya gabas. Na sha maganin ciwon kai.

Litinin, 22 ga Yuli

Na kwanta rigingine, ƙafafuna kudu, na ɗaga littafin sama da fuskata. Ya suɓuce ya faɗo mini a hanci. Amma kafin ya faɗo, gabas ta koma gabas. Ashe shi sama ake ɗaga shi. To na Baba ina ake ɗaga shi?

Talata, 23 ga Yuli

A ɗakin ajiya na laburare, bayan ofishina, akwai wani dunƙulen tagulla a kan ƙafafu huɗu, girman tukunya. Wani ne ya ba kwalejin kyauta tun kafin in zo. A rajista an rubuta “ƙwallon taswirar duniya, ya lalace,” don ba wanda ya taɓa samun ko ƙasa ɗaya a jikinsa. Shekara ashirin da shida a kansa nake rataye hulata.

Yau na cire hular, ban san dalili ba na goga masa hannun riga. Ɗigo-ɗigon da na ɗauka tsatsa ne, ƙananan ƙusoshin azurfa ne. Na ƙara gogawa. Ƙafa ta fito. Ƙeyar mutum. Na juya shi, ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, na yi ta goge ƙasa-ƙasa har na sami kunamar.

Hagu.

Na zauna a kan kwalin tsofaffin jaridu. Maƙerin da ya mutu tun kafin kakan kakana, da mahaifina, ba su taɓa haɗuwa ba, sun yi kuskure iri ɗaya sak. Abokin aikina ya leƙo ya ce, “Malam, lafiya kake magana da maratayin hula?” Na ce bincike nake yi.

Saura kwana biyu.

Laraba, 24 ga Yuli

Da safe na baje yankan takardar a kan teburin ɗinkin Hukuma ina kallo, shayina ya huce. Ta zo ɗaukar almakashinta, ta tsaya.

“Ta wane gefe za a sa shi?”

“Kamar yaya?”

“Mu in za mu yi wa yadi alama, ta baya muke zanawa. Hannun dama sai ya fito a hagu. In ka juya rigar komai ya koma wurinsa.”

Ta ɗauki takardar da yatsu biyu, ta juya bayanta, ta ɗaga a jikin taga. Haske ya ratsa. Ga kunama, kai a dama, ƙari a hagu, daidai yadda na gan ta saman tankin ruwa.

Ta kife babban kwanon da take zuba maɓallai, ta kwantar da takardar a bayansa. Ta bi lanƙwasar kwanon luf, ba ko tattara.

Ta ce, “Wannan ai ƙyalle ɗaya ne daga cikin goma sha biyu. In ka jera su gefe da gefe, tsini ya haɗu da tsini, me zai ba ka?”

Na ce, “Ƙwallo.”

“Sannu, Baban yara.”

“Tun yaushe kika sani?”

“Tun ranar da ka ce yana son ƙwallo mai awo. Wa ke neman abin wasa da santimita?”

“Me ya sa ba ki faɗa ba?”

“Tambayata ka yi? Karanto mini kake yi.”

A laburare na je kantar da ba mai zuwa. Akwai wani ƙaton littafi kan tarihin zanen taswirar sama. Lambar da ke bayansa rubutuna ne. Katin aro fari fat. Na zauna da shi har aka tashi.

Komai yana ciki, da hotuna. Mutanen da suna ɗaukar sama kamar ƙwarya ce da ta kewaye duniya, taurari a manne a jikinta. Da suka tashi yin kwaikwayonta sai suka ƙera dunƙule. Amma mai riƙe da dunƙule ba zai iya shiga ciki ba, daga waje yake kallo, don haka dole komai ya juya, kamar rubutun jikin gilashin shago in kana ciki. Mutanen da aka zana mu suke fuskanta, mu na ƙasa, shi ya sa na waje ƙeyarsu yake gani. Da aka fara buga taswira a takarda, wasu suka kwafa daga dunƙulen yadda yake, wasu suka zana yadda ido ke gani, aka yi ɗaruruwan shekaru kowa na bin nasa. Akwai ma malaman da, don kada a yi rigima, suke zana kowane hoto sau biyu, ɗaya na kallon dama ɗaya na kallon hagu. Masu hankali. Da su ne ƴaƴan Baba da ba a kai ga haka ba.

“Ni daga waje nake zana ta.” Ya ba ni amsar a jimla ɗaya, cikakkiya, babu kuskure. Na ja mata layi biyu na aika wa likita.

Na kira Yaya sau uku, tana hanya, ba ta ɗauka ba.

Alhamis, 25 ga Yuli

Na rubuta wa kaina katin aro, na sa hannu a matsayin mai aro da mai bayarwa, na naɗe dunƙulen tagulla a tsohon labule na sa a but. Nauyinsa kamar buhun siminti. Mai gadin asibiti ya so ya ga abin da ke ciki. Ya gani, bai gane ba, ya ce in wuce.

Likitar ba ta girmi ƴata ta fari da yawa ba. Takardata na gabanta a kwamfuta, da layukana biyu. Ta gaida Baba da ladabi, ta faɗa masa kalmomi uku ta ce ya riƙe. Ta ba shi biro ta ce ya zana agogo. Ya ce, “Da akwai kamfas, amma yana jakar wata.” Yaya ta sunkuyar da kai. Ya zana da'irar da hannu, ta fito kamar an kifa kofi. Da aka dawo kan kalmomin, biyu ya kawo. Ta ukun ya neme ta, ya neme ta, bai samu ba. Na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwa.

Likita ta ce, “To, maganar juya hagu da dama, da maganar cewa yana wajen sama…”

Na miƙe. Na ɗora abin a kan teburinta, fayil biyu suka zame ƙasa. Na yaye labulen. Jawabin da na shirya a mota ya gudu. Na yi maganar ƙwarya, na yi maganar maƙera, na koma kan gilashin shago, na ɓata, na dawo ta kan hannun riga. A ƙarshe na ce, “Na biyu da na uku da na huɗu, a goge. Dunƙulen sama yake haɗawa. Haka ake zana shi.”

Yaya ta ce, “Kai da bakinka ka ce mini larura ce. Har da Turanci.”

Na ce, “Na faɗa.”

“Na yi kwana goma ina kuka!”

Likita ta leƙa dunƙulen, ta duba wayarta, ta sake leƙawa, ta ce, “Ikon Allah.” Ta goge uku. Saura buta da sunan Baffa da kalma ɗaya da ta ɓace. Ta ce akwai mantuwa, ba za ta ɓoye ba, amma kaɗan ce, a dawo bayan wata uku. Kada ya riƙa yini shi kaɗai. Kuma a mayar masa da kayan aikinsa, don raba shi da su ya fi butar haɗari.

Baba kuwa hankalinsa na kan dunƙulen. Ya matso da kujera yana shafa tagullar da tafin hannu, yana bin layukan da farce. Can ya ce, “Ina kuka ɓoye wannan?”

Na ce, “A ofishina yake.”

“Kuna koyarwa da shi?”

“Hula nake ratayewa.”

Ya daɗe yana kallona. Da ya zage ni da ya fi sauƙi.

A wurin ajiye motoci Yaya ta tare ni. Ta ce, “Kai kana da littafi, ni waya nake da ita. Ranar da gidan zai kama da wuta yana ciki, a waya zan ji.” Ba ta yi ƙarya ba. Ta ce sharaɗinta ɗaya: kullum sai wani na jini ya gan shi da ido, ba mai aiki ba. In aka tsallake kwana ɗaya za ta zo da mota, fentin ɗakin bai bushe a banza ba. Ta zazzage jakarta a kan but. Kamfas da almakashi ta miƙa wa Baba. Rezar ta danƙa mini. “Wannan a aljihunka za ta zauna. In zai yi yanka, kana wurin.”

Asabar, 27 ga Yuli

Kasuwa, da tef ɗin awon Hukuma a wuya. Shago goma sha ɗaya. Ina rungumar ƙwallo ina zagaya masa tef ina girgiza kai ina mayarwa. Wani mai shago ya ce, “Alhaji, riga za a ɗinka masa?” Wani ya ja maƙwabcinsa gefe, na ji yana cewa, “Da ganinsa mai ilimi ne, Allah ya ba shi lafiya.”

Na samu mai casa'in da biyar da rabi. Baba ya auna da kansa, sau biyu. Ya ce za a yi masa shimfiɗar takarda biyu, rabin zai cika. Bai ce na gode ba. Ya ce in zo da gam.

Na kuma sayo butar lantarki mai kashe kanta.

Talata, 30 ga Yuli

Kullum ina biyawa bayan aiki. Don rezar ne kawai.

Muna shafa wa ƙwallon farar takarda yau ya ce Umma ce ta jawo duk wannan. Wai satin da aka kawo ta ta tsaya gaban taswirar ta ce, “Wannan ƙarya ce, sama ba tabarma ba ce.” Ya ce mata zai yi mata ita a dunƙule. Sai aka haifi Yaya, sai canjin wurin aiki, sai ni. “Duk shekara sai ta tambaya, ina samata? Har ta gaji.”

Ya murza gam a yatsa. Sannan, ba tare da ya kalle ni ba, ya ce akwai abin da bai gaya wa likita ba.

“Goma sha biyu na yanka. Na san goma sha biyu na yanka. Tun ranar da yayarka ta zo nake ƙirgawa, goma sha ɗaya. Na duba ƙarƙashin gado, na duba kwandon shara. Har kunamar ina ganin na zana ta, ina tuna lambobin.” Ya goge yatsan a tsumma. “Wataƙila ban zana ba. Wataƙila kuna da gaskiya. In haka ne gara in bi yayarka tun ina gane hanyar banɗaki.”

Littafina yana cikin jaka, jakar tana jingine da ƙafar kujerarsa.

Na ce gam ɗin ya kusa ƙarewa, bari in duba ko shagon kwana a buɗe yake. Na zauna a mota. Ban je ko'ina ba.

Laraba, 31 ga Yuli

Na je da wuri, ban ko biya gida ba. Na buɗe littafin a gabansa, na zaro kunamar, na ajiye a kan teburin kusa da ƴan'uwanta. Gefe ɗaya ya ɗan lanƙwashe, da tabon shayi ƙarami kusa da ƙarin.

Na ce, “Ni na ɗauka, Baba. Ranar Juma'ar. Don in nuna wa likita.”

Ya ɗauka. Ya ƙirga su duka da yatsa, a bayyane, ɗaya har goma sha biyu. Ya sake ƙirgawa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Ya ce, “Ka ɓata mata wutsiya.”

Na ce, “Na ɓata.”

“Wanke hannu ka riƙe mini ƙwallon. Kada ka juya sai na ce.”

Asabar, 3 ga Agusta

Yanka bakwai sun hau. Ni ne mariƙi. Aikin mariƙi shi ne ya yi shiru, kuma an ce ina samun ci gaba. Yaya ta kira ta bidiyo don ta tabbatar ina wurin, Baba ya nuna mata kunamar, ta ce ita dai har yanzu ƙadangare take gani. Jiya ya sake kirana Baffa. Na amsa.

Na mayar da dunƙulen tagulla laburare, na gyara rajista, na sa shi a tebur kusa da ƙofa. Hulata yanzu a kan ƙusa take, ni na kafa. Hukuma ba ta gan ta ba tukuna.

Takardar nan mai layin rula tana bayan wannan littafin. Na so in yaga, na bari. A ƙarƙashin na biyar na ƙara na shida da ƙaramin rubutu: babban ɗansa ya tambaya, an ba shi amsa, bai saurara ba.

Baba ne da gaskiya. Ni na yi kuskure.